Amsa: Saka wilin sabuwar Hilux a tsohuwa

Malam, ka tambaya ko wilin Hilux ƙirar 2016 zai hau taka ta 1995 mai jan ƙafa huɗu. Zai hau, amma da sharaɗi.

Ramukan noti dai babu matsala: dukansu shida ne, faɗin da'irarsu milimita 139.7, ramin tsakiya kuma milimita 106. Inda gizo ke saƙar shi ne zurfin wilin. Sabon yana shigewa ciki da kusan milimita 30, tsohon kuwa ya fi fitowa waje. Ka ɗaura ɗaya a gaba, ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka zura hannu ta baya. In taya na gogar ƙarfen sitiyari, sai an sa sifesa, wato ƙarfen da ke turo wili waje, mai ɗaurewa da nata notin, ba faifan da ake cusawa kawai ba. Wannan faifan ban yarda da shi ba ga motar da ke ɗaukar buhuna.

Kada ka bar falkaniza ya mayar maka da tsofaffin noti. Wilin alminiyam na Toyota noti mai washa yake so. Murfin tsakiya na gaba ma cire shi za ka yi, saboda makullin hob ɗinka, wato abin da ake murɗawa a tsakiyar ƙafar gaba don jan ƙafa huɗu, ya fito waje.

Tayar sabon wilin, 265/65R17, ta ɗara ta tsohon, 205R16, tsayi, don haka agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kusan kashi 5 cikin ɗari, motar kuma ta ɗan yi nauyin tashi.

In a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, kula kada a haɗa ka da na Ford Ranger. Shi ma rami shida ne, amma tsakiyarsa 93, ba zai shiga ba.