Ga bankunan kasuwanci birjik, me ya kawo bankin raya ƙasa?

Malam, ka tambaya ko mene ne amfanin bankin raya ƙasa tunda akwai bankuna ko'ina. Amsar tana cikin tsawon lokacin bashi. Bankin kasuwanci kuɗin masu ajiya yake juyawa, kuma mai ajiya zai iya zuwa gobe ya ce a ba shi abinsa. Shi ya sa ba ya son bashin da zai daɗe. To wanda zai kafa injin casar shinkafa a Kano, sai ya shekara biyar ko fiye kafin injin ya mayar da kuɗinsa, ina zai dosa? Wannan giɓin bankin raya ƙasa yake cikewa: bashi mai dogon zango, ruwa kaɗan, da ɗan lokacin numfashi kafin a fara biya.

A Nijeriya akwai Bankin Masana'antu, BOI, da aka kafa a 2001 bayan haɗe wasu tsofaffin cibiyoyi. Akwai kuma Bankin Raya Ƙasa na Nijeriya, DBN, da ya fara aiki a 2017, shi kuwa ba ya ba mutum bashi hannu da hannu, sai ta bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna. Mutane da yawa ba su san haka ba.

A ganina matsalar ɗaya ce: siyasa. Da zarar bashin ya koma rabon ganima, masu karɓa suka ɗauke shi kason su na gwamnati, ba a biya, jarin ya narke. Ko BNDES, bankin raya ƙasa na Brazil, da ke aiki tun 1952, ya sha suka kan fifita manyan kamfanonin da suke iya samun bashi a kasuwa.