Tura wuta ba waya: wa zan nema ya duba min aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen injiniyan lantarki, ina zaune a Yelwa, Bauchi. Aikina na kammala karatu kan tura wutar lantarki ne ba tare da waya ba, ina so in yi cajin wayar salula daga nisan mita biyu. Malamin da aka ba ni fanninsa daban ne. Wa zan nema ya ja min gora, kuma me zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar malami, rage burin nan. A 2007 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan mita biyu, amma da koyil (naɗaɗɗiyar wayar tagulla) mai faɗin santimita 60, kuma fiye da rabin wutar ta salwanta a hanya. Kai ka nufi wat 2 zuwa 5 a nisan santimita 2 zuwa 10. Wannan zai yiwu cikin zango guda, kuma malami ya fi sauraren ɗalibin da ya san iyakar aikinsa.

Kada ka tsallake malaminka, shi zai sa hannu a kundinka. Ka same shi da ladabi, ka nemi izinin ƙara mai taimakawa daga ɓangaren sarrafa wuta ko na sadarwa. Amma wanda ka fi buƙata shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji, mai riƙe da mabuɗin na'urar osiloskop (mai nuna siffar kaɗawar wuta) da mitar LCR (mai auna koyil da kafasita). Aikin nan na awo ne, in ba ka ga siffar kaɗawar wutar da idonka ba, lalube kake a duhu. A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, tambayi ɗaliban digiri na biyu ko na HND wane ne ke zama a benci da gaske. In za ka je, tafi da shafi ɗaya mai zanen da'irar, da koyil biyu da ka naɗa, ko da ƙaramar fitilar LED kaɗai suke kunnawa.

Ga kayan farawa. Wayar tagulla mai fenti ta milimita 1, wadda masu naɗin fanka da injin ruwa ke amfani da ita, su ma za su nuna maka yadda ake naɗi ya kwanta. Zagaye 12 a faɗin santimita 10 zai ba ka kusan 24 µH. Haɗa da kafasita 100 nF, kaɗawar za ta tsaya kusa da 103 kHz, dab da inda cajar Qi, wato tsarin cajin salula ba waya, ke aiki. Koyil biyun dole su daidaita a kaɗawa ɗaya, shi ya sa ake aunawa, ba a dogara da lissafi kaɗai.

Inda aiki ke lalacewa uku ne. Kafasita mai ruwa tana zafi ta kumbura, nemi ta MKP, wato kafasitar leda marar ruwa. Diyod 1N4007 ba ta da saurin wannan kaɗawa, sa 1N5819 a ɓangaren karɓa. Sai taransista: a da'irar ZVS, wadda ke kaɗa koyil mai turawa, volt ɗin da ke hawa kanta ya kai ninki uku da ɗoriya na abin da ka ba ta. Taransista IRFZ44N tana ɗaukar volt 55, don haka volt 12 lafiya lau, volt 24 kuwa zai iya ƙona ta. Kuma ka janye tsabar kuɗi da mabuɗi daga tsakanin koyil, suna shan wutar su yi zafi.

Tambaya: In sayi haɗaɗɗen allon caja kawai in huta?

Amsa: Saya, amma don kwatance. Auna abin da yake bayarwa, ka auna naka a nisan santimita 1, 3, 5 da 10, ka rubuta wutar da ta shiga da wadda ta fito. Jadawalin awon nan shi masu jarrabawa za su tambaye ka ranar kare aiki.