Amsa kan haɗin maganin kansar hanji

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka tambayi dalilin da likita ya ce sai an haɗa masa magunguna, tunda kansar hanjin ta kai hanta. Kowanne da hanyar da yake bi ya kashe ƙwayoyin cutar, shi ya sa haɗin ya fi guda ɗaya rage girman kansar. FOLFOX da CAPOX sunayen haɗin magunguna biyu ne na wannan kansar. FOLFOX ƙarin ruwa ne duk sati 2. CAPOX kuwa ruwan oxaliplatin ne sau ɗaya a sati 3, sai ƙwayar capecitabine ta kwana 14 a gida. Lokacin jinyar kawuna, da muke tasowa daga ƙauyenmu wajen Ringim zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano, CAPOX ya rage mana kuɗin mota, amma zaɓin na likita ne.

Ku kiyaye Baba da sanyi in ya fara maganin. Kawu ko ruwan randa ya taɓa da asuba, sai yatsunsa su yi kamar ana soka masa allura, dole muka riƙa ɗumama masa na alwala da na sha. In zazzaɓi ya kai digiri 38 na Celsius, ko gudawa ta ƙi tsayawa, kada ku jira gari ya waye. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuma, don Allah a dakata sai likita ya sani.