Filin Tambayoyin Lambu: In rufe komayena da leda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da ɗan lambu a bayan gida, maigida ne ya sa aka jera min bulo aka yi komi uku masu tudu aka cika su da ƙasa da taki. Da hunturu na shuka tumatir da latas da alayyafo, yanzu na cire komai ƙasar tana nan haka a buɗe, ciyawa ta dame ni ga kaji kullum suna tono. Na gani a Facebook turawa suna rufe nasu da baƙar leda har lokacin shuka ya zagayo, shine nace bari in tambaya kafin in kashe kuɗi. Sannan tumatir ɗin nawa bai yi kyau ba, da na tuge shi sai naga saiwar duk ta yi ƙulli ƙulli kamar carbi. Daga mai karanta ku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a lambun. Gwara da kika tambaya, don abin da kika gani ɗin nan mutanen Ingila da Amurka suna yi ne saboda ƙasarsu sanyi ke kama ta, suna so baƙar leda ta jawo musu ɗan ɗumi su samu su yi shuka da wuri. Mu kuwa a nan a watan Afrilu ko takalmi mutum bai iya cirewa a tsakar gida, kinga damuwarmu daban ce. Ni kaina na taɓa shimfiɗa baƙar leda na huda ta na dasa attaruhu da bazara, wallahi duk inda ledar ta taɓa karan shukar sai da ya ƙone, kwana huɗu na rasa fiye da rabi, har yau ina jin ciwon abin.

Amma ke akwai dalilin da zai sa ki yi amfani da leda, kuma shine wancan ƙulli ƙullin da kika gani a saiwa. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido baya gani suke shiga saiwar su zauna, sai ta kumbura ta kasa jan ruwa da abinci, shi yasa za ki ga tumatir yana yaushi da rana alhali kin ba shi ruwa da safe. Suna nan cikin ƙasar, in kika sake shuka su za su tarbe ta. Toh zafin nan da muke kuka da shi, shi ne maganinsu. Wani masanin cutukan tsirrai a Isra'ila mai suna Yaakov Katan shi da abokan aikinsa suka fito da dabarar a 1976, wato a dafa ƙasa da zafin rana, kuma farar leda ake sawa, wadda ake ganin abu ta cikinta tas, ba baƙa ba. Baƙar ita ce take ɗaukar zafin a jikinta, farar kuma tana barin hasken ya ratsa ya shiga ƙasa sannan ta tare zafin ya kasa fita, kamar mota da aka kulle gilasanta a rana. Saman ƙasar yakan wuce digiri 50, wanda ya isa ya kashe tsutsotsin da ke kusa da sama da irin ciyawa da yawa.

Ki fara tsince ragowar saiwar ki ƙone ta, kar ki zuba a taki. Ki farfasa hoge ki baje ƙasar ta yi sumul yadda ledar za ta kwanta a jikinta, sannan ki ba ta ruwa sosai ya ratsa kamar tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, wannan ruwan kar ki yi wasa da shi don busasshiyar ƙasa bata kai zafi ciki. Sai ki shimfiɗa ledar ki tura bakinta tsakanin ƙasa da bulo ki danne da ƙasa kota ina kar iska ta samu hanya, in kaza ta huda ki liƙe da salatif. Ki barta sati 4 zuwa 6, tsakanin Maris da farkon Mayu kafin hadari ya fara rufe rana. Da kin cire kar ki yi kaftu mai zurfi, za ki juyo da irin ciyawar da zafin bai kai gare shi ba, ki dai barbaɗa ruɓaɓɓen taki a sama tunda zafin baya tantance mai amfani da mai ɓarna a cikin ƙananan halittun da ke ƙasar.

Gaskiya kuma ba zan ɓoye miki ba, aya-aya bata jin wannan magani sosai, takan ma huda ledar ta fito, ita sai dai hannu. Tsutsotsin ma suna dawowa a hankali, dan haka kar ki bi tumatir da attaruhu ko gauta ko kuɓewa a komi ɗaya, duk abincinsu ne, ki ɗan sa masara a tsakani.

Komin da ba shi da cutar kuwa ni ban ga amfanin leda a kansa ba. Ki rufe shi da bambaron shinkafa ko busasshen ganye ko tattakar kara, kaurin yatsu huɗu, zai hana ciyawa, ƙasar ta riƙe laima ta yi sanyi, daga baya ya ruɓe ya zama taki, ki dai riƙa ɗagawa kina duba gara. Kajin kuma ki ɗora ƙaya ko tsohuwar raga a sama.

Dan Allah da kin gama ki naɗe ledar ki ɓoye a inuwa. In ta daɗe a rana gautsi take yi ta dinga karyewa ƙanana ƙanana tana shiga ƙasa ba za ki iya tsince ta ba, in kuma da akuya a gidan kin san abin da leda take yi wa cikinta. Da damina ma ruwa ke taruwa a kanta sauro ya samu wurin ƙwai. Ranar da za ki ɗaga ta ki sa sanda tukuna, kunama na son fakewa a gefen bulo.