Tambaya da Amsa: Mahaifiyata ta daɗe a kwance, bayanta ya fara saɓulewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Gwammaja ce a nan Kano. Mahaifiyata mai shekara 78 ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama wata huɗu da suka wuce. Tun da aka sallame mu daga asibiti ni da matar yayana muke jinyarta a gida. Yawanci a kwance take, ba ma son mu dame ta. Makon jiya ina sauya mata zani na ga wani wuri a ƙasan bayanta ya yi baƙi, yanzu har fatar ta saɓule kamar faɗin murfin kwalba. Gwaggonmu ta ce a fasa kafso a barbaɗa, wata maƙwabciya kuma ta ce a shafa man zafi. Sannan in ta sha ruwa sai ta yi ta tari, kuma kwana biyun nan da daddare tana ta kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Mu ba mu yi karatun asibiti ba. Me ya kamata mu sani?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Maganar da ta fi tsaya mini a cikin wasiƙarki ita ce "ba ma son mu dame ta". Na san tausayi ne ya sa. Amma a aikinmu na jinya, tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, barinsa ya "huta" shi ne abin da ya fi cutar da shi. Ni da ke muna juyi cikin barci ba tare da mun sani ba, domin jiki na jin nauyi ya danne wuri sai ya motsa. Hajiya ta rasa wannan. Nauyinta yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kai wa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Cikin 'yan sa'o'i kawai ɓarnar na iya somawa. Abin da kika gani shi ne gyambon kwanciya.

Littattafan da muka karanta a makaranta suna cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja. Wannan a jikin farar fata ne. A namu jikin, wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko ki taɓa ki ji ya fi sauran jiki ɗumi ko tauri. Don haka ba ido kaɗai ba, sai an haɗa da hannu. Wuraren da za ki riƙa dubawa su ne inda ƙashi ya fi kusa da fata: ƙasan baya daidai saman ɗuwawu, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, har bayan kunne. Kullum, safe da yamma, cikin haske. In ɗakin da duhu ki haska fitilar waya.

An taɓa kawo mana wata dattijuwa, an yi mata kwalliya tsaf, atamfa sabuwa, jiki sai ƙamshin turaren wuta. 'Ya'yanta sun kewaye gadon, ka gan su ka ga masu son uwarsu. Da muka juya ta, ramin da ke bayanta dunƙulen hannu zai shiga. Babbar 'yar ta fashe da kuka, ta ce wallahi ba su taɓa gani ba, domin ita tsohuwar ba ta yarda a buɗe mata jiki, su kuma suna jin nauyinta. Kunya abu ce mai kyau, amma a nan sai an yi mata dabara. A rufe ƙofa, a fitar da yara, a lulluɓe ta da zani a buɗe wurin da za a duba kaɗai, a gaya mata abin da za a yi kafin a taɓa ta ko da kuwa ana ganin kamar ba ta fahimta. In akwai wadda ta fi sakin jiki da ita a cikinku, ita ce za ta riƙa yin wannan.

Ciwon Hajiya, yadda kika kwatanta shi, ya wuce matakin farko tunda fata ta buɗe. Mukan kasa gyambon kwanciya mataki huɗu, na huɗun shi ne wanda ya kai ga nama mai zurfi ko ƙashi. Wanda bai yi zurfi ba yakan warke a gida in aka ɗauke masa nauyi, amma baƙin da kika fara gani na iya nufin ɓarnar ta fi abin da ido ke gani, saboda haka sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Kafin nan, a wanke da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya, ana samunsa a kemis, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a cusa auduga, tana manne wa ciwo. Ki ba gwaggo haƙuri, garin kafso ba ya warkar da wannan, sai dai ya daskare a kai ya ɓoye abin da ke ƙasa. Man zafi kuwa ƙona wurin zai yi. Haka sipirit da man goge baki da toka. Kuma kada a murza wurin da ya yi duhu da sunan a tsinka jini, murzawar ƙara yaga naman take yi.

Maganin na gaskiya shi ne juyi. Duk bayan awa 2, dare da rana. Na san da wuya. Ki ɗaura shi a kan lokutan da gida ya riga ya sani: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i, sannan a cike tsakaninsu, a kuma sa ƙararrawar waya don dare. Tunda bayanta ne ya samu matsala, yanzu kada ta kwanta rigingine. Ga yadda ake yi: a shimfiɗa wani zanin gado a ninke shi biyu a ƙarƙashinta, daga kafaɗa zuwa cinya. Ke a gefe ɗaya, matar yayanki a ɗaya gefen, ku kama zanin ku ɗaga ta da shi, kada ku ja ta a kan katifa domin jan yana saɓule fatar tsoho kamar takarda. Ku ɗan karkata ta, ba har ta hau kan ƙashin ƙugu sosai ba, ku tokare bayan da filo, ku sa wani tsakanin gwiwoyinta, wani kuma a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta zauna a iska ba ta taɓa komai. Hannun daman nan da ya shanye a ɗora shi a kan filo, kuma kada wanda ya kuskura ya ɗaga ta ta wannan hannun, kafaɗar na iya gocewa. Ku ma ku riƙa lanƙwasa gwiwa in za ku ɗaga ta, kada a wayi gari masu jinya sun koma majinyata.

Akwai katifar iska da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti. Tana taimakawa, amma da wuta take aiki, kuma ba ta ɗauke muku juyi. Abin zaman nan mai rami a tsakiya kamar gammo, ku bar shi, yana tare jini ne a kewayen wurin.

Laima ita ce abokiyar gyambo. Fitsari, bayan gida, da gumi, musamman a zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Famfas ɗin manya da zarar ya jiƙe a cire, ba sai ya cika ba, ko da yake na san tsadarsa ce ke sa ake ja masa rai. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane ta hanyar dannawa a hankali, a shafa basilin ko man kaɗanya a fatar da ba ta buɗe ba. In kun shimfiɗa leda don kare katifa, a sa zanin auduga a kai, kada fata ta taɓa leda. A miƙar da zanin sosai, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta kwana a ƙarƙashin ƙugu ta isa ta fara ciwo.

Sai tarin da take yi in ta sha ruwa, wanda a gaskiya ya fi gyambon tayar mini da hankali. Shanyewar ɓarin jiki takan raunana maƙogwaro, sai ruwa ya bi hanyar iska ya sauka huhu, daga nan sai ciwon huhu. Abin da mutane ba su cika sani ba, ruwa tsinkakke ya fi abu mai kauri wuyar haɗiya ga irin su. Shi ya sa kunu mai kauri ko koko ko fate mai laushi sukan wuce lafiya, ruwan sanyi kuma ya ƙware ta. A zaunar da ita sosai kafin a ba ta komai, kada kanta ya langaɓe baya. Ƙaramin cokali, ta ɓangaren hagu mai lafiya, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Kada a yi mata ɗura, kada a ba ta tana gyangyaɗi, kuma kada a riƙa jan ta da hira tana tauna. In ta gama a duba cikin kuncin dama, abinci yakan maƙale a can ba ta sani ba, a goge mata baki da haƙora, sannan ta zauna kamar minti 30 kafin a kwantar da ita. Ruwan tofi ko rubutu ma, in ana ba ta, wannan ƙa'idar ce: a zaune, da cokali. In tarin bai ragu ba, ko muryarta na fita kamar mai kurkure baki bayan ta haɗiya, likita na iya cewa a sa robar abinci ta hanci. Iyalai da yawa suna jin wannan kamar an yanke ƙauna ne. Ba haka ba ne, wasu ana cire musu bayan haɗiyar ta dawo.

Duk da haka dole ruwa ya shiga jikinta. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wasu ma da gangan suke ƙin sha don kada su wahalar da mutane da fitsari. In likita bai ƙayyade mata ba saboda zuciya ko ƙoda, a yi ƙoƙarin lita 1 da rabi zuwa 2 a yini, kwatankwacin ledar fiya wata 3 zuwa 4, har da kunu da romo a lissafin. Fitsari in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba. Ciwo kuma ba ya cikowa da koko zalla. Tana buƙatar ƙwai, alale, awara mai laushi, kindirmo, kifi da aka cire wa ƙaya, dakakken nama a miyar kuka ko kuɓewa. A rage gishiri da dunƙulen miya saboda hawan jini. Gwanda da zogale suna taimakawa wajen bayan gida, kuma in ta kwana 3 ba ta yi ba a faɗa wa likita.

Maganar kiran matattu da daddare, kada ku bari a ce muku ruɗin tsufa ne ko iska. Mantuwar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Rikicewar da ta faɗo cikin kwana biyu yawanci jiki ne ke ƙorafi: ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, gyambo da ya kama ƙwayar cuta, faɗuwar sukari ga mai shan maganinsa, ko wani sabon magani. Tsoho na iya samun duk wannan jikinsa bai yi zafi ba. Idan aka haɗa rikicewar da tarin da ciwon baya, shawarata ita ce ku kai ta asibiti yau ko gobe, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku zuba duk magungunan da take sha a leda ku tafi da su, har na gargajiya, babu wanda zai yi muku faɗa a kai. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa a kemis kuwa, sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, waɗanda ke cin cikin tsoho su taɓa ƙodarsa. Kada a ba ta sai da sanin likita.

In kun je, ku nemi a haɗa ku da sashen gashin ƙashi. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala wanda ya fi kusa da ku. Ku roƙi su nuna muku da hannu yadda ake miƙe gaɓoɓi da lanƙwasa su, ku riƙa yi mata sau biyu a rana, in ba haka ba hannu da ƙafa za su ƙage. Wata huɗu bai yi latti ba. A riƙa zaunar da ita a kujera a tsakar gida da hantsi ko da yamma, ta ga jikoki, ta ji hayaniyar gida, sai dai kada zaman ya yi tsawo a kan ciwon. Salla kuma tana nan, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da damar yin ta a zaune ko a kishingiɗe, don haka a riƙa sanar da ita lokaci ana taimaka mata da alwala ko taimama. Yana gyara wa tsoho lissafin dare da rana.

Ku biyu ba za ku iya juyin dare har abada ba. A kira taron 'yan uwa a raba kwanaki. Maza ma suna iya kama zani a juya, suna iya ɗauke kuɗin famfas da bandeji. A ajiye ɗan littafi a gefen gado ana rubuta lokacin juyi, abin da ta ci, ruwan da ta sha, da ranar da ta yi bayan gida. Ki ɗauki hoton ciwon yau da wayarki, ki ajiye murfin kwalba a gefensa don a ga girmansa, ki sake ɗauka duk mako. In ya fara wari ko fitar da mugunya, ko kewayensa ya kumbura, ko numfashinta ya yi sauri, ko bakinta ya sake karkacewa, ko ta kasa farkawa sosai, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, a nemi mota a tafi sashen gaggawa.