Dambel ko Doguwar Sanda: Wanne Zan Fara Saya Don Ɗaga Ƙarfe a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 29, ina zaune a gidan haya, ɗaki ɗaya ƙafa 12 a kan 12 mai tayal. Ina so in fara ɗaga ƙarfe a gida saboda aiki ba ya barina zuwa wurin motsa jiki. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su saya: ko dambel guda biyu, ko doguwar sandar nan da ake zura wa faya-fayan ƙarfe. Wani abokina ya ce dambel kayan wasan yara ne, in ina son jiki ya murɗe sai sanda. Ni kaɗai zan riƙa yi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A halin da kake ciki, sayi dambel, irin wanda ake kwance notinsa a ƙara masa faifai ko a rage. Abokinka yana da gaskiya a wuri guda, za mu zo kansa, amma bai yi la'akari da ɗakinka ba, bai kuma tuna cewa babu mai tsaya maka ba.

Fara da awo. Sandar da ake gasar Olamfik da ita tsawonta mita 2.2 ne, nauyinta ita kaɗai kilo 20. Ɗakinka bai kai mita 3.7 ba. Kana bukatar kamar rabin mita a kowane gefe don ka tsaya ka zura faifai, ka ga mita 3.2 sun tafi tun ba a yi maganar gado da durowa ba. In kuma za ka tura sandar sama da kanka a tsaye, ga fanka tana jira. Akwai gajerun sanduna masu mita 1.5 zuwa 1.8, sai dai galibinsu sirara ne, kuma suna lanƙwashewa idan nauyi ya yi yawa.

Sannan duk wanda ya sayi sanda, ya buɗe wa kansa ƙofar wasu sayayya. Kafin ka yi tsuguno da nauyi a kafaɗa, sai da maratayi, wato ƙarafa biyu tsayayyu da za su riƙe sandar daidai ƙirjinka ka shiga ƙarƙashinta. Kafin ka yi turin ƙirji, wato ka kwanta rigingine ka tura nauyi sama daga ƙirjinka, sai da benci. Faifan kilo 20 kuwa in ya sauka a kan tayal sau ɗaya, kai da mai gida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicin. Ka kwanta a benci, sanda mai kilo 60 tana sama da ƙirjinka, ka yi bakwai, a na takwas gwiwar hannu ta tsaya a rabi ta ƙi miƙewa. Hannayenka biyu suna ɗaure da ƙarfe ɗaya, ba ka da inda za ka jefar da shi. Ko ya sauka a ƙirji ko ya mirgina wuya. An sha rasa rayuka ta wannan hanya. Da dambel, idan hannu ya gaza, sai ka sauke kowanne a gefensa ka tashi zaune. Duk ranar da ka mallaki sanda, kada ka yi turin ƙirji kai kaɗai sai maratayinka yana da ƙarafan tsaro a gefe biyu, an saita su ƙasa kaɗan da tudun ƙirjinka.

Batun cewa dambel ba ya gina jiki, ba haka ba ne. Tsoka tana girma ne idan an matsa mata har ta kusa gazawa, aka kuma riƙa ƙara mata nauyi ko yawan ɗagawa sannu a hankali, tare da abinci da barci. Dambel yana yin wannan. Har ma yana tona asirin hannun da ya fi rauni, domin a kan sanda hannun dama kan ɗauke wa hagu aiki ba ka sani ba.

Ga inda abokinka ya yi gaskiya: ƙafafu da baya. Cinya da ɗuwawu suna da ƙarfi ƙwarai, kuma cikin 'yan watanni za su raina kilo 20 a kowane hannu. Yatsunka za su saki ƙarfen tun cinya ba ta ji komai ba. Sanda kuma ta fi daɗin ƙarin nauyi. Idan kana ɗaga kilo 50 ka ƙara faifan kilo 1.25 a kowane gefe, ƙarin kashi 5 cikin 100 ne kawai. Amma dambel mai kilo 10 in ka yi masa wannan ƙarin, ya tashi da kashi 25 a lokaci guda, shi ya sa mutane ke maƙalewa a nauyi ɗaya. Maganin na farko shi ne aikin ƙafa ɗaya: ɗora ƙafar baya a kan kujera, riƙe dambel a hannu biyu, ka sauka da ƙafar gaba ka tashi. Maganin na biyu, kada ka ƙara faifai sai ka kai ɗagawa 12 masu tsafta a zagaye uku. In ka ƙara, ka koma 8 ka sake hawa.

Abin da za ka saya: mariƙi biyu masu zare da noti, faifan kilo 5 guda huɗu, na kilo 2.5 guda huɗu, na kilo 1.25 guda huɗu. Jimilla kilo 35 ke nan, kowane hannu 17.5, in an haɗa da nauyin mariƙin ya kusa 20. Duka za su shige ƙarƙashin gado.

Yanzu ka saurara da kyau, domin nan ne kuɗi ke salwanta: ramin faifai. Na Olamfik milimita 50 ne. Ƙanana kuwa akwai masu 25, da 28, da 30, kuma da ido kusan duk ɗaya suke. Faifai mai ramin 25 ba ya shiga mariƙi mai kaurin 28, mai ramin 30 kuma a kan mariƙin 25 sai ya yi ta kwaramniya yana sassauta noti. Zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kansa, kuma duk lokacin da za ka ƙaro faifai, tafi kasuwa da mariƙinka a jaka ka zura ka gani. In ka yi haka, ranar da ka samu fili ka sayi sanda mai kauri iri ɗaya, faya-fayan nan su ne za su hau kanta. Nemi faya-fayan zallan ƙarfe, ko da na hannu ne mai ɗan tsatsa. Buroshin waya da ɗan mai sun ishe shi. Masu rufin roba da aka cika da siminti ko yashi suna da kauri, biyu ko uku sun cinye mariƙi, kuma in sun faɗi sai su tsage su fara zubar da gari.

Wasu kan zuba siminti a gwangwanin fenti su yi nasu. Yana aiki, amma da lissafi: lita ɗaya ta kankare tana kusa da kilo 2.4, don haka gwangwanin lita 4 zai ba ka kilo 9 zuwa 10. Kurakuran da aka fi yi uku ne. Ana amfani da siririn bututun ruwa, sai ya lanƙwashe. Ana zura ƙarfen haka nan sumul, sai dunƙulen ya zame ya faɗo kan ƙafa. Ka sa mai walda ya liƙa guntayen rodi a gicciye a bakin ƙarfen kafin a zuba. Ana kuma auna gefe biyu da ido, ɗaya ya fi ɗaya. Kai su kan sikeli bayan sun bushe, kuma ka riƙa yayyafa musu ruwa na mako guda kafin ka taɓa su.

Shimfiɗa falanki da tsohon kafet ko roba mai kauri inda za ka riƙa ajiye ƙarfen. Duba notin nan kafin kowane zagaye, musamman in ƙarfen zai bi ta saman fuskarka, domin yana kwancewa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kwana uku da hutun yini a tsakani ya dace da mai farawa. In kana da hawan jini ko ƙaba, ga likita tukuna, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini, yana kuma matsa ciki.

Ranar da ka ga kana yin tsugunon ƙafa ɗaya sau 15 da duk faya-fayanka ba ka jigata ba, lokacin sanda ya yi. A nan sai ka nemi tsakar gida ko zaure mai daɓen siminti, ka fara biyan mai walda kuɗin maratayi mai ƙarafan tsaro kafin ka sayo sandar.