Tambaya da Amsa: Na sauya wa Land Rover casis, ƙofofi sun ƙi rufuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina farfaɗo da tsohuwar Land Rover Series III, gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya. Tsatsa ta cinye casis ɗinta, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune a kai, na samo sabo wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya don kare shi daga tsatsa. Mun ɗora bodi mun ɗaure tamau, sai ga ƙofar direba tana gugar akorin baya daga sama, ta ɗaya gefen kuma ratar har yatsa na shigewa. Fanel-bita ya ce a yanke ƙafar bangon gaba, wato wanda ya raba direba da inji, a sake walda. In yarda? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a kunna wutar walda tukuna. Matsalar tana cikin maganarka da ka ce "mun ɗaure tamau". Bodin wannan mota, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, gunduwa-gunduwa ne: akori da ƙofofi da madugadi na alminiyam, bangon da ya raba direba da inji kuma na ƙarfe. Tun daga masana'anta da washa da ciko ake daidaita su. Wanda ya ɗaure guda kafin ya zaunar da sauran, ya kulle kuskure a ciki. A sassauta kowane noti na bodi, a koma farko.

A fara da casis ɗin kansa. Motar ta tsaya a kan tayoyinta, iska daidai, a daɓen siminti mai lebur, inji da giya suna ciki. Idan aka saita bodi casis na kan jak, da an sauke shi sifirin ya ɗauki nauyi awo zai sauya. Ja tef daga ramin notin sifirin na gaba a dama zuwa na baya a hagu, sannan ka ja ɗaya gicciyen. Bambancin milimita 3 zuwa 5 ciko zai shanye shi. In ya kai santimita guda, casis ɗin ne ya murɗe, domin zafin tukunyar tutiya kan ɗan lanƙwasa ƙarfe, kuma wannan magana ce tsakaninka da wanda ya sayar maka. Duba ramuka ma: tutiya kan cushe su, noti ya shiga a karkace. A bi su da diril daidai girman notin, kada a faɗaɗa.

Akorin baya shi ake fara zaunarwa, saboda shi ne ba shi da wurin motsi sosai. Yana ɗaure ne a kunnuwan da ke kan ƙarfen gicciye na ƙarshen casis. Auna daga gefen akori zuwa casis dama da hagu, gaba da baya, har ya zauna a tsakiya. Karkatar milimita 2 a baya kan ninku kafin ta iso bakin ƙofa, kuma ina zargin daga nan ratar gefen fasinjanka ta samo asali. Sa notuna da hannu kawai.

Daga nan sai bangon gaba, inda aikin yake. Yana tsaye a kan hannuwa biyu da suka fito daga casis, kowanne da dogon noti guda da ya ratsa ƙafarsa. Washa da ake jerawa tsakanin ƙafar da hannun casis ita ke matsar da ƙasan bangon gaba ko baya. Ba dole adadin ya zo ɗaya a gefen biyu ba. Uku a dama, ɗaya a hagu ba aibu ba ne. Awon da masu gyaran waɗannan motoci ke bi shi ne inci 34 da uku bisa huɗu, wato kusan milimita 883, daga ginshiƙin ƙofa zuwa bakin akori. Yanko katako biyu daidai wannan tsawo, ka cusa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya fi tef gaskiya, domin shi ba ya lanƙwasa kuma yana riƙe maka wurin yayin da kake ɗauri.

Gugar da ƙofar direba ke yi daga sama tana nuna bangon ya jingina baya. Abin da ke riƙe tsayuwarsa ƙarafa biyu ne da suka haɗa shi da casis ta cikin ɗakin inji, kuma na gefen direba shi ne ke ɗauke da akwatin sitiyari. Sassauta su, ka ja saman bangon gaba da bel mai ƙugiya har katakon sama ya zauna. Idan rata ta rage tsakanin ƙarfen da casis, a cike ta da ciko. Wanda ya matse ta da ƙarfin sifana zai jawo bangon ya koma inda ya fito, wani lokaci har wurin taka ƙafa ya tsage.

Saura tsayi. A gefen motar akwai layin da bodi ya lanƙwaso ƙasa da taga. Ɗaure zare daga ƙarshen akori zuwa gaban mota a kan wannan layi, kamar yadda magini ke ja wa bulo. Akori da ƙofa da bango duk su taɓa zaren. Rataya ƙofofin ba tare da robar gefe ba, kuma da sababbin hinji in tsofaffin sun ci, don hinji mai wasa zai sa ka yi ta saita abin da ba shi da laifi. Gilashin gaba da rufi su biyo baya, su ma suna jan saman ƙofa. Madugadi da bonet su ne ƙarshe. Sai komai ya zauna za a ɗaure, daga baya zuwa gaba, ana buɗe ƙofa ana rufewa bayan kowane noti biyu.

Maganar fanel-bita za ta zama gaskiya ne kaɗai idan an taɓa sauya ƙafar bangon a baya aka yi waldarta a karkace. Za ka gane haka in dogon notin ya ƙi ratsawa sai da guduma, alhali awon casis ya zo daidai.

TAMBAYA: Tsofaffin notunan bodi sun ci, in sa na sitenles? Daga wani mai karatu a Zinder.

AMSA: A ƙananan wurare kamar faranti na ƙasa babu laifi, amma alminiyam da sitenles in suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke zama farin gari ya huje. Sa washar roba ko ta leda mai kauri a tsakani, ka shafa giris. A wurin sitiyari da sifirin da dogayen notunan bango kuwa, sai ƙarfe mai lamba 8.8 ko makamancinsa. Ka kuma lura yawancin notunan Series III na awon inci ne. In ka tura na milimita cikin tsohon rami mai zare, zaren zai lalace.